Gargaɗi ga masu kumburin hanji: ku yi hattara da masu tallan ƙwayoyin naitirik oksaid

Jama'a, akwai tallan da ke yawo a Facebook da WhatsApp da TikTok. Ana nuna kwalbar ƙwayoyi, ana cewa tana ƙara naitirik oksaid (wata iskar gas da jiki ke samarwa) a jiki, wai cikin 'yan makonni za ta raba mutum da cutar Crohn ko gyambon babban hanji, cututtuka biyu masu sa hanji kumburi, har abada. Don Allah, duk mai fama da zawo mai jini ko ciwon ciki da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kada ya tura wa mutanen nan ko sisi.

Suna fakewa ne da wata gaskiya. A 1998 an ba Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel saboda gano cewa wannan iskar gas tana saki jijiyoyin jini su buɗe. Aikin zuciya da jini ne, amma masu tallan sai su manna sunan Nobel a kan maganin hanji.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sun juya binciken a kife. Suna cewa hanjin mara lafiya ya rasa naitirik oksaid, alhali a hanjin da ya kumbura yawansa ne ya wuce kima. Jiki na da sinadarai uku da ake kira enzim masu samar da shi, kuma ɗaya daga ciki, iNOS, kumburi ne ke tayar da shi. A 1994 masu bincike a Suwidin sun auna iskar cikin babban hanjin masu gyambon hanji, suka tarar naitirik oksaid ɗin da ke cikinta ninkin ba ninkin na masu lafiya ne. Ɗan kaɗan daga cikinsa yana kare bangon hanji. Idan ya yi yawa kuwa, yakan haɗu da wasu sinadarai masu iskar oksijin ya zama mai lahani ga wannan bangon.

Kwalbar ma babu gas ɗin a cikinta, domin cikin daƙiƙoƙi yake ɓacewa a jiki. Galibi arjinin ne ko sitrulin a ciki, sinadaran da jiki ke amfani da su wajen samar da gas ɗin. Arjinin mai yawa shi kansa yana sa zawo, yana kuma iya saukar da hawan jini sosai ga mai shan magungunan zuciya irin su naitirogilisarin. Wani gwaji da aka wallafa a 2006 kan waɗanda suka yi bugun zuciya an dakatar da shi bayan mutum shida cikin masu shan arjinin sun mutu. Idan kuma sun ce hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da kayansu, ƙarya ce, hukumar ba ta tantance irin waɗannan ƙwayoyin ƙarin gina jiki kafin a fara sayar da su.

Mafi haɗari, suna zuga mutum ya ajiye magungunan kumburin hanji irin su mesalazin ko azatiyofirin da likita ya rubuta masa. Mai shan firednisolon, wani maganin kumburi, da ya daina a dare ɗaya yana iya shiga halin gaggawa. Kuma gyambon babban hanji da ya daɗe ba a kula da shi yana ƙara haɗarin sankarar hanji, shi ya sa likitoci ke duba cikin hanji da kyamara lokaci-lokaci.

Wanda ya riga ya saya, ya ɗauki kwalbar ya kai wa likitansa ya gani, ya ci gaba da maganinsa. Ya kuma duba asusunsa na banki, domin wasunsu kan ci gaba da cirar kuɗi daga katin duk wata.