Faifan Focus na Cynic, bugun 2004: kuɗina bai tafi a banza ba

Sati uku na yi ina jiran faifan nan, da ya iso kuma sai na tarar murfin robarsa ya tsage daga gefe. Mai sayarwar ya ba ni haƙuri, na haƙura, tunda shi CD ɗin ko ƙwarzane babu. Tsohuwar motata har yanzu tana cin CD, a ciki na fara sa shi, ƙanena na zaune a gefe. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya juyo ya ce, "Yaya, wannan mutum ne ko inji?"

Duka biyun ne. Paul Masvidal yana rerawa ta cikin na'urar da ke sauya murya ta koma kamar ta mutum-mutumi, Tony Teegarden kuma yana gurnani a ƙarƙashinta. A 1993, lokacin da faifan ya fara fitowa, masu son death metal na Fulorida, wato kiɗan nan mai tsananin ƙara da gurnani, gurnanin kawai suke so, wannan muryar ta inji ba ta shige su ba.

Ƙungiyar Cynic 'yan Miami ne, sun haɗu a 1987. Masvidal da makaɗin ganga Sean Reinert sun yi wa ƙungiyar Death aiki a faifanta na 1991, daga nan aka fara sanin su. Suna shirin naɗar nasu sai guguwar Andrew ta afka wa kudancin Fulorida a watan Agustan 1992, ta rushe gidan makaɗin jitarsu Jason Gobel, inda nan ne wurin atisayensu. Jinkirin ya ba su damar sake zama kan waƙoƙin, daga baya suka naɗa a situdiyon Morrisound da ke Tampa tare da furodusa Scott Burns. Waƙa 8, kusan minti 36. A 1994 suka watse, ba su sake haɗuwa ba sai 2006.

Ni abin da ya kama ni jitar bes ɗin Sean Malone ce. Wuyanta sumul yake, babu ƙarafan nan da ke raba sauti, don haka yatsa na zamewa yadda mai goge ke yi, sautin ya lanƙwasa ya miƙe. A wannan bugun an fito da ita sosai. Na rage ƙarar sama na ƙara ta ƙasa, har ƙofar motar na rawa, amma kowane taɓi ina jin sa daban. Reinert kuwa hannunsa na 'yan jaz ne, yana lallaɓa farantan ƙarfe na ganga a inda wani zai doke shi.

An ƙara waƙa 6. Uku tsofaffi ne da aka sake haɗa sautinsu, kuma gaskiya sau ɗaya na ji su na wuce, ban ga abin da suka fi na asali ba. Sauran ukun na Portal ne, ƙungiyar da suka kafa bayan watsewa, da mawaƙiya Aruna Abrams. Babu gurnani ko kaɗan, kiɗa ne mai sanyi, kuma saboda su kaɗai ma bugun ya ci kuɗinsa.

Reinert ya rasu a Janairun 2020, Malone a Disambar shekarar. Ƙanen nawa da ya raina faifan, yau kwana biyar ke nan yana hannunsa, kullum sai ya ce gobe.