Na gudu daga yajin aiki a gida, na tarar da shi a Ingila

Masu yawan tambayata ko kwas ɗin ya ci kuɗinsa, to ga amsarku. Digiri na biyu na yi a fannin nazarin aikata laifuka da alaƙar doka da al'umma, a wata jami'a a arewacin Ingila, daga Satumban 2022. A lokacin jami'o'inmu na Najeriya suna rufe tun Fabrairu, shi ya sa ban ko waiga ba.

Karatun dai babu laifi, gaskiya. A zangon farko aka tura mu kotun majistare mu zauna a bencin 'yan kallo. Mutum uku ne ke yanke hukunci, kuma ba lauyoyi ba ne, 'yan sa-kai ne da ba su da albashi, sai wani masanin doka a gabansu yana ba su shawara. Aka kawo wani saurayi da ya saci nama a kanti, kafin rabin awa an gama da shi. Ni kuwa ina tuna waɗanda ke shekaru a gidan yarin gida suna jiran a fara shari'arsu. A can ne ma wata malama ta ankarar da ni cewa kundin finalkod ɗinmu na Arewa daga na Sudan aka ɗebo shi, na Sudan ɗin kuma daga na Indiya na 1860. Kunya ta kama ni, sai da na ƙetare teku na sani.

To amma fa ku ji. Ranar 20 ga Afrilun 2023 malaman jami'o'in ƙasar suka daina duba aikin ɗalibai da ba da maki. Suna zuwa ofis, suna yi maka murmushi a baranda, aikinka kuwa yana nan jibge. Rubutuna mai kalma dubu huɗu a kan kisan Stephen Lawrence, wani matashi baƙar fata da aka kashe a Landan saboda launin fatarsa, da rahoton Macpherson na 1999 da ya binciki yadda 'yan sanda suka tafiyar da lamarin, wanda na yi wa kwana da kwanaki ba barci, ya yi wata biyar ba wanda ya buɗe shi. Na aika imel ya fi a ƙirga, amsa ɗaya ce kullum: sun fahimci damuwata. Na je ofishin sashe da ƙafata, wata baiwar Allah ta miƙo mini takardar masu ba da shawara kan damuwar ƙwaƙwalwa. Haba! Maki nake nema, ba lallashi ba.

Ɗan ƙasa zai iya jira. Ni bizata na da wa'adi, kuma sai jami'a ta tabbatar ka kammala kafin ka nemi ta zaman aiki ta shekara biyu. Ana cikin haka aka sakar wa kasuwa darajar naira a watan Yuni, fam ya yi tashin gwauron zabi, ga kason ƙarshe na kuɗin makaranta ban biya ba. Wannan kam ba su yi masa yajin aiki ba, tunatarwa ta zo a kan lokaci. Aikin da doka ta yarda ɗalibi ya yi kuma awa 20 ne kacal a mako.

Ban ga laifin malaman sosai ba, albashi suke nema kamar namu. Jami'ar da ta karɓi kuɗin ɗalibin waje, wanda ya ninka na ɗan ƙasa, ita nake jin haushi. Ko sisi ba ta rage mini ba.

Da aka janye yajin aikin a Satumba, makin ya fito, mai kyau ne. Sharhin malamin a kan aikin layi biyu ne, kuma ya rubuta sunana ba daidai ba.