Wata goma sha huɗu a hannun lauyar haɗarin babur

Shekara huɗu na yi ina zuwa aiki a kan ƙaramin babur, irin wanda injinsa bai wuce cc 50 ba, ko faɗuwa ban taɓa yi ba. Wata safiya da gari ya yi lumshi, motar da ke tahowa ta gabana ta karya kwana za ta shiga layi, ta tsallako hannuna. Na taka birki amma ba wurin tsayawa. Ƙwaurina na dama ya karye, wuyan hannuna ya tsage, kaina ya bugi kwalta. Direban ya fito jikinsa na rawa, abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Wallahi ban gan ka ba."

Kwana tara bayan haka, ina kwance an sa mini ƙarfe a ƙafa, kamfanin inshorar direban ya kira ni. Muryar mai taushi, ga jaje, ga tayin kuɗi da za a tura cikin mako guda idan na sa hannu. A lokacin albashi ya tsaya, kuma na so in karɓa. Yayata ce ta karɓe wayar daga hannuna bayan an gama, ta ce, "Ƙanina, ko likita bai san yadda ƙafar nan za ta ƙare ba, su ta ina suka sani? Kada ka sa hannu a komai sai lauya ya gani." Ita ta nemo ofishin lauyoyin da nake wannan sharhi a kansa, masu aikin neman diyyar waɗanda suka ji rauni a hanya.

Ganawar farko kyauta ce, kuma lauyar da kanta ta zo asibiti. Na shirya in zazzage mata laifin direba, sai na ji tambayoyinta duk a kaina suke. Lasisina na wane rukuni ne? Inshorata tana aiki a ranar? Na ɗaure igiyar hular kwano ko ɗora ta kawai na yi? An taɓa taɓa injin don ƙara masa gudu? Fitilata a kunne take? Raina ya ɓaci, na ce, "Barista, ni fa aka kaɗe." Ta ce, "Na sani, Malam. Amma duk tambayar da na yi maka, lauyoyin inshora za su yi ta, gara in ji amsar tun yanzu." Daga baya na gane cewa a kan waɗannan tambayoyi biyar maganar gaba ɗaya ta tsaya.

Batun inji shi ne abin da ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba. A doka ƙaramin babur rukuni ne mai zaman kansa. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Biyana (Vienna) kan zirga-zirgar hanya ta 1968 ta kwatanta shi da abin hawa mai inji da bai wuce cc 50 ba, wanda gudunsa bai wuce kilomita 50 a awa ba. Ƙasashen Tarayyar Turai sun tsayar da iyakar a kilomita 45, kuma tun 2013 suna da lasisinsa na musamman mai suna AM. Idan aka cire abin da ke taƙaita gudun, a idon doka ya zama babban babur, kuma lasisinka da inshorarka suna iya zama ba su rufe shi ba. Akwai bakaniken da ya taɓa ba ni shawarar in bari ya "buɗe" mini injin, na ƙi don gudun shan mai kawai. Lauyar ta hana a gyara babur ɗin ko a sayar, ta sa aka ajiye shi yadda yake. Wata biyu bayan haka kamfanin inshora ya turo injiniya, abin da ya fara dubawa ke nan. Bai sami komai ba.

Hular kwano ma haka. Lauyar ta ba ni labarin shari'o'i biyu na Ingila da suka shafi masu ƙaramin babur. A farkon shekarun 1970 kotun ɗaukaka ƙara ta rage wa wani kashi 15 cikin ɗari na diyyarsa saboda ba ya sanye da hula, alhali mai motar ne da laifin karon. A ƙarshen shekarun 1980 an rage wa wani kashi 10, shi kuma yana sanye da ita amma bai ɗaure igiyar ba, hular ta fita kafin kansa ya kai ƙasa. Hujjar ita ce ba kai ka jawo haɗarin ba, amma ka taimaka raunin ya yi tsanani. Tunda na yi makonni ina fama da jiri da ciwon kai, wannan ƙofa ce da za a iya shigo mini ta ita. Lauyar ta nemo takardar ma'aikatan motar asibiti, inda aka rubuta cewa su suka kwance mini igiyar a wurin. Layi ɗaya ne a takardar da ban ma san da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa hula mai inganci da aka sa daidai tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin ɗari, kuma ni na ga tsagar da kwalta ta yi wa tawa, don haka ba na buƙatar a lallashe ni.

Inda aikinta ya fi burge ni shi ne rigimar gudu. Bayan na ƙi tayin farko, labarin direban ya canja: wai a guje na taho. Amma tun ranar ganawarmu ta farko lauyar ta aika wasiƙa ga masu wani gini da ke kusa da mararrabar, tana neman su adana hoton kyamararsu, domin irin waɗannan na'urori suna goge tsohon hoto bayan kwanaki ko 'yan makonni. Da an jinkirta da shi ke nan. Masanin da ta ɗauko ya auna tazarar turakun fitila biyu, ya ƙirga daƙiƙun da na ɗauka tsakaninsu. Mai gudun kilomita 45 a awa yana cin mita 12.5 kowace daƙiƙa. Ni kusan mita 9 nake ci, wato kilomita 32 da 'yan kai. Ƙa'idar kuma a fili take kusan ko'ina, har a cikin yarjejeniyar nan ta 1968: wanda zai karya kwana ya tsallaka hannun masu tahowa, shi ne zai jira su wuce. Lauyar ta yi mini bayanin cewa wannan karo na daga cikin waɗanda suka fi cin masu babur, domin abu siriri yana yi wa ido wuyar auna nisansa da saurinsa, sai direba ya duba amma bai gani ba.

Sai dai hoton ya nuna wani abu da ba na so. Fitilata a kashe take, ga gari a lumshe. Ƙasashe da yawa sun wajabta wa masu babur kunna fitila ko da rana, don dai a gan su. Lauyar ba ta ɓoye mini ba, ba ta kuma yi mini alƙawarin za ta goge shi ba. Ta ce inshora za ta nemi ɗora mini kashi ɗaya cikin huɗu na laifin, ita kuma tana ganin za a iya tsayawa a ɗaya cikin goma. A nan aka tsaya. Ya yi mini ciwo, amma gaskiya ce, kuma na fi girmama ta da ta faɗa mini tun wata na uku.

Dalilin ƙin gaggawa ya fito a wata na bakwai, lokacin da ƙashin ya ƙi haɗewa aka sake yi mini aiki. Sulhu da inshora, in ka sa hannu, yawanci ya rufe maganar har abada. Da na karɓi tayin kwana tara, aikin na biyu da ƙarin wata uku na zaman gida duk a wuyana za su kasance. Lauyar ta jira sai da likita mai zaman kansa ya rubuta yadda ƙafar za ta kasance nan gaba, sannan ta yi lissafi. Ta sa na riƙa ajiye kowane rasit, ina kuma rubuta yadda na kwana da abin da na kasa yi. Lissafin ya haɗa da magani, gashin ƙashi, albashin da na rasa, kuɗin zuwa asibiti, babur, hula, har da kwanakin da yayata ta bar aikinta tana jinyata, abin da ban san ana ƙirgawa ba. Ta kuma samo mini wani ɓangare na kuɗin tun kafin a kammala. Game da wa'adin shigar da ƙara, ta rubuta mini ranar a wasiƙar farko. Wannan wa'adi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: shekara uku ne a Ingila, shekara biyu a jihohin Amurka da dama.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ba ƙanana ba ne. Daga wata na huɗu zuwa na shida ofishin ya yi shiru. In na kira sai a ce za a neme ni, mako ya wuce. Fayil ɗina ya ratsa hannun mataimaka uku, kowanne sai na sake ba shi labari daga farko, kuma mutumin da ke kwance da ciwo ba ya son maimaita ranar da aka kaɗe shi. Na gane daga baya cewa jiran rahoton likita ake yi, amma saƙo na layi biyu da ya ishe ni.

Na biyu shi ne kuɗin aiki. Yarjejeniyar ita ce ba zan biya ba sai an ci nasara, sannan su ɗauki kason da muka amince. Abin da ba a bayyana mini da baki ba shi ne kuɗin rahoton likita da na masanin da ya auna gudu daban suke, kuma wani ɓangarensu daga rabona za a cire. Yana cikin takardar, a shafi na shida, na kuma sa hannu. Amma mutumin da ke shan maganin kashe zafi a gadon asibiti ya cancanci a karanta masa wannan sashe a fili. Da na yi ƙorafi lauyar ta zauna da ni ta bi lissafin layi-layi, ta kuma amince cewa ya kamata a yi hakan tun farko.

A wata na goma sha huɗu aka yi sulhu ba tare da shiga kotu ba. Bayan an cire kashi goma na fitila, an cire nasu kason da sauran kuɗaɗe, abin da ya zo hannuna ya ninka tayin farko fiye da sau uku. Wanda ya sami ƙujewa kawai da lotsewar babur, kuma ba a musun laifi, ina ganin zai iya bin inshora da kansa. Amma wanda ya karye, ko ya bugu a kai, ko aka fara juya masa labari, zan tura shi wannan ofis ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya nemi sunan mutum ɗaya da zai riƙa kira, kuma a rubuta masa duk abin da za a cire kafin ya sa hannu.

Na koma hawa babur wata biyu da suka wuce. Na sayi sabuwar hula mai tambarin gwajin inganci na ECE 22.06, domin wadda ta taɓa buguwa ba a sake amfani da ita, na kuma sa an haɗa fitilar da makunnin inji yadda ba za ta mutu ba sai na kashe babur. Ƙafar tana yi mini tsami in na hau bene, kuma har yanzu in na hango mota ta rage gudu a mararraba, hannuna yana kan birki tun kafin ta motsa.