Littafi, ambulan ko manhaja: da wanne za ka riƙe kasafin gidanka?

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, magidanci ya daina sanin kuɗin cefane da ka. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000. Mai irin wannan hali ya riga ya san amfanin kasafi, abin da ya rage masa shi ne da me zai riƙe shi. Kafin ka zaɓa, duba ta ina kuɗinka suka fi fita, ta hannu ko ta waya.

Littafi da biro sun fi komai araha, ba caji, ba data. Su suka dace da mai shago, ɗan adaidaita sahu, ko matar da ke suyar awara a ƙofar gida, waɗanda kuɗi ke shigo musu kullum a tsintsinke. Sai dai littafi labari yake ba ka bayan kuɗin sun tafi, kuma ƙananan abubuwa ne ke zurarewa: ruwan leda, kuɗin mota, ɗari biyun da ka miƙa wa yaron da ya kawo saƙo. In shi ka ɗauka, ware masa lokaci bayan Isha, ka kuma raba shafin jari da na gida, don sau da yawa aljihu ɗaya ne ke cinye jarin ƙaramin ɗan kasuwa.

Ga mai albashi, ni ambulan nake fifitawa. Ranar da alat ya shigo, ka kasa kuɗin: na cefane, na mota, na wuta da gas, na magani, kowanne da sunansa a bayan ambulan. In na mota ya ƙare ranar 22 ga wata, ido ne zai gaya maka, ba sai ka yi lissafi ba. Kada ka manta da ambulan ɗin gudummawa, wato na biki, suna, anko, gaisuwar mutuwa, da ɗan'uwan da zai yi sallama da takardar asibiti a hannu. Ba mu kan sa wannan a lissafi, alhali shi ne ya fi rushe wata. Da zarar yana da nasa ambulan, za ka bayar da zuciya ɗaya, ranar da ya ƙare kuma ka ce babu ba tare da ka yi ƙarya ba. Matsalar dai tsabar kuɗi ce a ɗaki: ga ɓarawo, ga gobara, ga ladan mai POS wajen cirowa, kuma wanda ya ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 ya san takarda ba abin dogaro ba ce. Kuɗin wata ɗaya kawai za ka ajiye haka.

In rabin sayayyarka da tiransifa kake yi, manhaja za ta rage maka aiki. OPay, PalmPay, Moniepoint da Kuda duk suna jera maka abin da ya shiga da abin da ya fita. PiggyVest kuwa har kulle kuɗi take yi zuwa ranar da ka zaɓa, abin da ke taimakon mai sakin hannu. Amma fa manhaja ba ta ganin abin da ka yi da dubu ashirin ɗin da ka ciro a POS. Kafin ka zuba kuɗi, bincika ko suna da lasisin Babban Bankin Nijeriya da inshorar NDIC, hukumar da ke kare kuɗin masu ajiya a bankuna. A 2024 hukumar ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya in banki ya durƙushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan maikurofainans. Akwai kuma harajin naira 50 a kan tura naira 10,000 zuwa sama. Sannan da yawa daga cikin manhajojin suna ɗora kuɗin ruwa a kan ajiya. Mai gudun riba ya tambaya ko ana iya kashe shi, ko ya buɗe asusu na biyu a bankin da ba ya hulɗa da kuɗin ruwa, irin Jaiz, TAJ ko Lotus, ya mai da shi ambulan ɗin haya da kuɗin makaranta, kada ma ya karɓi katinsa.

Excel da Google Sheets na wanda ya saba da kwamfuta ne, cika su a waya takura ce.

Adashi ba ya maye gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma shi ya fi iya ɗaukar nauyin da ke zuwa sau ɗaya a shekara, kamar haya, kayan Sallah da ragon layya. Babu inshora a cikinsa sai amanar uwar adashi, don haka ka san waɗanda kake zubi da su. Ka kuma kula da layinka: a lokacin tsada, wanda ya kwasa a wata na goma ya karɓi adadin da na farko ya karɓa, amma buhunan da zai saya sun ragu. Nemi kwasarka ta faɗo wata guda kafin mai gidan haya ya aiko, ko kuma da kaka, lokacin da sabon gero da masara ke shigowa Dawanau da kasuwannin ƙauye, ka sayi na watanni ka ajiye.