Sharhi kan fim ɗin Stanley Ka Dabba na Amole Gupte

Amole Gupte ne ya rubuta labarin fim ɗin Indiya mai suna Taare Zameen Par na shekarar 2007, amma sai a 2011 ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko, wato Stanley Ka Dabba, kuma a ganina shi ne ya fi nuna irin kishin da yake yi wa yara.

Labarin wani ɗalibi ne mai suna Stanley a wata makaranta da ke birnin Mumbai, yaro mai fara'a da iya ba da labari, wanda kullum yake zuwa ba tare da kwanon abincin rana ba. Idan an tashi tara, sai ya ce wa abokansa zai je gida ya ci, alhali famfo yake zuwa ya cika cikinsa da ruwa. Gupte da kansa ya fito a matsayin malamin harshen Hindi mai kwaɗayi, wanda yake bin kwanukan ɗalibai yana cinyewa, har ta kai ga ya hana Stanley shigowa makaranta sai ya zo da nasa. A ƙarshe ne mai kallo yake gane cewa yaron maraya ne da ke aikatau a gidan abincin wani ɗan'uwansu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka ɗauki fim ɗin. Tun da yana sukar bautar da yara, Gupte ya ƙi yarda ya raba 'yan wasansa da karatu, don haka a ranakun Asabar da lokutan hutu aka riƙa aikin, na 'yan sa'o'i kaɗan, da ƙaramar kyamara samfurin Canon 7D ba tare da manyan fitilu ba. Wannan ya sa yaran suka saki jiki, suna hira da dariya kamar ba a ɗaukarsu. Ɗan Gupte, Partho, wanda ya fito a matsayin Stanley, ya samu lambar yabo ta ƙasa ta Indiya a rukunin yara, kuma ya cancanta.

Inda fim ɗin ya yi rauni shi ne a kan malamin, domin ba a bayyana dalilin kwaɗayinsa ba, sannan nadamarsa da barinsa makarantar sun zo cikin gaggawa. Duk da haka, ina ba malaman firamare da iyaye shawarar su kalle shi tare da yara 'yan shekara 8 zuwa sama, domin bai wuce kimanin sa'a ɗaya da rabi ba.