Ɗaga pH a tankin ruwan gishiri: me ya cancanci kuɗinka?

Ruwan teku pH ɗinsa, wato ma'aunin tsaminsa da ke sauka in tsami ya ƙaru, yana wajen 8.1, kuma murjani da kifin teku suna zaune lafiya a tankin gilashi muddin ma'aunin na tsakanin 7.8 da 8.4. Da mutum ya ga 7.7, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne kwalbar garin bafa, wato garin da ake zubawa don ɗaga pH, wadda aka rubuta 8.3 a jikinta. Ni kam ita ce ta ƙarshe da zan ce ka saya.

Abu biyu ke riƙe da pH. Na farko alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na kashe tsami, wanda ake so ya tsaya tsakanin 7 da 11 a ma'auninsa da ake kira dKH. Na biyu yawan iskar CO2, wadda muke fitarwa in mun numfasa, da ta narke a ruwan, domin tana ƙara masa tsami. In alkaliniti yana daidai amma pH na ƙasa, to CO2 ce ta yi yawa. Iskar waje tana da CO2 kusan ppm 420, wato kashi 420 cikin miliyan, amma ɗakin da aka rufe tagoginsa aka kunna iyakwandishan, ga mutane na numfashi, ga girkin gas, yana iya haura 1,000. Abin da ke cikin ɗakin kuwa shi ruwa ke sha. Bafa za ta ɗaga pH na 'yan awoyi, ya sake sauka, alkaliniti kuma ya maƙale a sama. Ka ƙara gobe, ka ƙara jibi, sai ka wayi gari dKH ya kai 14, farin ɓawo ya fara toshe famfo, bakin rassan murjani ya fara mutuwa.

Saboda haka kuɗin farko na kayan awo ne. Kayan gwajin alkaliniti irin na Salifert ko Hanna sun isa. Na pH kuwa, mita mai sanda ta fi gwajin launi nesa ba kusa ba, da sharaɗin ka sayo ruwan saita ta mai pH 7 da mai pH 10, domin mitar da ba a saita ba ta sha sa mutane maganin cutar da babu ita. Ka auna da asuba kafin fitilar tankin ta kama, ka kuma auna gab da kashe ta, tunda pH yakan sauka da dare ya hau da rana. Sai ka ɗebi ruwan tankin a kofi, ka fita da shi waje, ka hura masa iska da ɗan famfo na tsawon awa ɗaya. In pH ya tashi, iskar ɗakinka ce matsalar.

Mafi arha a nan shi ne tiyo. A ja shi daga waje zuwa bakin shan iska na sikima, na'urar da ke tsame dauɗa da kumfa. Sai dai a duba inda bakinsa ya leƙa. Kusa da hayaƙin janareta ko inda ake fesa maganin sauro ba wurinsa ba ne, kuma da hunturu dole a sa masa matatar ƙura da ta gawayi.

In babu hanyar jan tiyo, akwai gwangwanin tace CO2 mai ƙwayoyin soda laim, irin waɗanda ake amfani da su a injin sa barci na asibiti. Yana aiki sosai, kuma ƙwayoyin kan canza launi in sun gaji. Gwangwanin ba tsada, cikonsa ne ke cin kuɗi, domin cikin 'yan makonni yake ƙarewa. Kafin ka saya, tambayi kanka ko za ka riƙa samun ciko a kai a kai, don ranar da ya ƙare pH zai koma inda ya fito.

Wanda na fi yarda da shi ga mai murjani masu tauri shi ne kalkwasa, wato garin kalsiyam haidiroksaid da aka narkar a tataccen ruwa. Ruwan da ya ƙoshi da shi pH ɗinsa yana wajen 12.4. Yana cinye CO2, yana ƙara kalsiyam da alkaliniti tare a daidai gwargwadon da murjani ke ci, kuma garin ba shi da tsada, tunda abin da lita ɗaya ke narkarwa bai kai giram 2 ba. Iyakarsa ita ce ba za ka zuba fiye da ruwan da zafi ya ƙafar a rana ba, ko da yake a ƙasa mai zafi wannan ba kaɗan ba ne. Haɗarinsa kuwa babba ne: in ya kwarara lokaci ɗaya, tanki zai yi fari fat, dabbobi su wahala. Kada ka yi ƙwauron kuɗin famfon ɗigo mai kyau, ka kuma haɗa shi yadda in wuta ta ɗauke babban famfo ya tsaya, shi ma ya tsaya. Garin yana ƙona ido, a kiyaye shi daga yara.

Idan awo ya nuna alkaliniti ne ya yi ƙasa, sodiyam kabonet ya fi bekin soda, domin shi yana ɗaga pH, ita kuwa takan ɗan sauke shi da farko. Kada ƙarin ya wuce dKH 1 a rana. Kanwa ta kasuwa danginsu ce, amma cike take da ƙasa da wasu gishirai da ba ka san adadinsu ba, kada ta kusanci tankin.

Ƙaramin tankin ciyawar teku ta ketomofa, wanda ake haɗawa da babban tanki a haska masa fitila da dare, yana rage faɗuwar pH ta asuba, yana kuma shan naitiret da fosfet, sinadaran dauɗa da ke taruwa a ruwa. Taimakonsa ga pH matsakaici ne, kuma yana buƙatar wuta mai tsayawa duk dare. Wanda bai da batir ko sola ya jinkirta shi, ya fara da tiyo.