Ragar Ecotone mai mita 12 a aikin sanya wa tsuntsaye zobe a Bauchi da Gombe

A aikin sanya wa tsuntsayen daji zobe, wato kama su a sa musu zobe mai lamba a ƙafa a sake su don nazari, raga ce kayan da ake fara zuba wa kuɗi, kuma a kanta lafiyar tsuntsu ta rataya. Wadda ake magana a kanta a nan ta kamfanin Ecotone ce na ƙasar Poland: faɗin mita 12, tsayin mita 2.5, hawa biyar (wato igiyoyin kwance sun raba ta gida biyar daga sama zuwa ƙasa), ido milimita 16, baƙin zaren nailan mai lambar kauri 70/2. Daga waje ake aiko ta, don haka farashinta ya ninka na ragar kasuwa sau da yawa. Ta ci kuɗinta, amma ba don dajinmu aka saƙa ta ba, sai an san yadda za a bi da ita.

Abin da ya fi ɗaukaka ta shi ne zaren. Murɗaɗɗe ne mai laushi, yana riƙe tsuntsu bai yanke shi ba. Ragar kasuwa mai zare ɗaya, irin na fatsa, tana shiga fata a gindin fiffike da wuya, kuma idan ta ƙulle a ƙafa sai dai a yanka. Wannan kaɗai ya isa a haramta ta a aikin zobe, komai arharta. Na biyu, an ƙulla ragar a jikin igiyar kwance, saboda haka iska ba ta tattara ta gefe guda. A lokacin hunturu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ragar da ta taru a sanda ɗaya tana cukuikuye tsuntsu a nan, can kuwa ta ɗame har ya buga ya koma.

Idon milimita 16 ya dace da ƙananan tsuntsaye: baiwar Allah, asisi, janbaki, mulufi, kabare, da baƙin da ke tasowa daga Turai su iso mana a watan Satumba da Oktoba, su juya a Maris da Afrilu, waɗansunsu ba su kai giram 10 ba. Kurciya kan buga ta fice, cilakowa kuwa ɓarna take yi. Mai neman irin waɗannan ya nemi raga mai ido milimita 30 da zare mai kauri.

Wajen kafawa ake yawan lalata aikin. Ana bukatar gora biyu miƙaƙƙu, kowace ta haura mita uku, da igiyar ɗauri biyu da turke biyu ga kowace gora. A ɗaura jan zare a madaukin sama tun a gida, don kada a zura madaukai a birkice cikin duhun asuba. Igiyoyin kwance su ɗame sosai, amma a matso da madaukan kusa da juna yadda kowane hawa zai saki aljihu mai zurfin kamar taƙi ɗaya. Aljihun shi ke kamu. Don gwaji, sai a jefa jakar da ake saka tsuntsu, mai ɗan nauyi, a hawan ƙasa. In ta taɓa ciyawa, a ɗaga ragar, don tsuntsun da ke reto a ƙasa cinnaka da mage ba sa barinsa. A sa duhun kurmi a bayanta, kada a kafa ta a fili inda hantsi zai haska ta.

Rauninta na farko shi ne laima. Nailan yana miƙewa idan ya sha raɓa, kuma a bakin Gongola ƙasa da dam ɗin Dadin Kowa ko a fadamar kogin Gaji a Yankari, ragar da aka ɗame da asuba za a tarar ta yi ciki kafin gari ya waye. Dole a sake jan gora. Ƙurar hunturu kuma tana mai da baƙin zaren ruwan toka, tsuntsu ya hango shi daga nesa, kamu ya ragu ba a san dalili ba. Maganinsa a tsoma ta a ruwa zalla, ba omo, a shanya a inuwa. Rana tana cinye ƙarfin zaren, don haka da an tashi aiki a naɗe ta.

Babbar abokiyar gabarta ita ce ƙarangiya. Idan gefen raga ya ja ƙasa sau ɗaya a ƙarshen damina, 'ya'yan ƙarangiya za su maƙale, kowane ya haɗa ido biyar ko shida wuri guda, kuma fizga yaga ce. Sai an zauna an murƙushe kowane da filaya, an tsince ƙayar ɗaya bayan ɗaya. Haka magarya da bagaruwa. Shi ya sa ake share hanyar raga tun da yamma, a bar aƙalla mita ɗaya kowane gefe, a cire maɓalli da agogo daga jikin mai cire tsuntsu daga raga. Buzuzu da jemage suna tauna zare idan aka buɗe da sauran duhu, garken shanu kuwa wucewa ɗaya ya gama da ita, don haka a yi magana da makiyaya kafin a kafa.

Kyan raga ba ya maye gurbin zagaye. A duba ta duk minti 20, a rage zuwa 15 idan rana ta fara zafi. A Maris da Afrilu a rufe kafin ƙarfe goma, domin tsuntsun da ya buɗe baki yana haki ya riga ya shiga haɗari. A wajen cirewa a fara gano ta gefen da ya shigo, a kwance ƙafafu, sai fiffike ɗaya, sai kai, sai ɗaya fiffiken, a duba ko zare ya maƙale a harshe. Kowane tsuntsu da jakarsa ta auduga, a rataye a inuwa, a riƙa wanke jakunkunan saboda cuta irin murar tsuntsaye. Janbaki garke suke faɗowa. Mutum biyu kada su buɗe fiye da raga uku a inda janbaki suke.

Ba kayan mai koyo shi kaɗai ba ne. Sai a ƙarƙashin ƙwararre, irin waɗanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos take horarwa, da izinin hukumar wurin in a Yankari ne, da sanin mai unguwa in a bakin gonaki ne. Mai odar ta ya haɗa da zaren gyara iri ɗaya da nata da ƙaramin almakashi, domin hujin da bai wuce ido uku ba ana ɗinke shi a ranar, kafin iska ta faɗaɗa shi.